Babatunde Olatunji: Ɗan masuncin Ajido da ya mayar wa baƙaƙen Amurka da ganga

Cikin 'yan Najeriyar da suka yi fice a ƙetare a ƙarni na ashirin, akwai wanda sunansa ya fi amo a Amurka fiye da ƙasar haihuwarsa. Shi ne Michael Babatunde Olatunji, makaɗi kuma malamin kiɗa da rawa, wanda ya bar Legas a 1950 da burin zama jami'in diflomasiyya, ya ƙare da shafe fiye da shekara hamsin yana koya wa Amurkawa buga ganga. Ɗalibansa Baba kawai suke ce masa. Duniya ta san shi ne ta faifansa na farko, Drums of Passion, amma aikin da ya fi daɗewa a kai, wanda kuma ya fi barin gurbi bayan rasuwarsa, shi ne koyarwa.

Kafin a gane nauyin wannan aiki, sai an san abin da ya faru da ganga a Amurka. Bayin da aka kwasa daga Afirka sun tafi da kiɗansu, kuma iyayen gijinsu sun fahimci cewa ganga tana iya kira, tana iya tara jama'a. Bayan tawayen bayi na Stono a 1739, majalisar mulkin mallaka ta Karolina ta Kudu ta kafa doka a 1740 wadda ta haramta wa bayi mallakar ganga da ƙaho da sauran kayan da ake iya aika saƙo da su. A Kuba da Haiti da Brazil gangunan Afirka sun ci gaba da rayuwa a wuraren bauta da bukukuwa. A yawancin Amurka kuwa, gangar da ake bugawa da hannu ta ɓace daga rayuwar baƙaƙen fata, kiɗan ya koma tafi da bugun ƙafa da muryar mawaƙa. Bayan shekara ɗari biyu da ɗoriya, wani yaro daga yankin Badagry, ɗaya daga cikin tashoshin da aka yi lodin bayi zuwa ƙetaren Tekun Atilantika, shi ne ya tsaya a gaban jikokin bayin yana nuna musu inda ake ɗora hannu a kan fata.

Haihuwa da tasowa a Ajido

An haifi Olatunji ranar 7 ga Afrilun 1927 a Ajido, wani ƙauyen masunta da ke bakin ruwa kusa da Badagry a Jihar Legas ta yau. Yankin na al'ummar Ogu ne, waɗanda ake kuma kira Egun, masu zama cuɗe da Yarabawa har zuwa cikin Jamhuriyar Benin. Mahaifinsa masunci ne da ake shirin naɗawa sarauta, sai ya rasu wata biyu kafin a haifi yaron. Wannan ya sa aka raɗa masa suna Babatunde, wanda ma'anarsa a Yarabanci ita ce uba ya dawo, domin a imanin mutanensa uban ne ya komo duniya ta jikin ɗan. Mahaifiyarsa maginiyar tukwane ce.

Tun da aka ɗauke shi magajin uban, sai aka fara tarbiyyarsa a matsayin wanda zai riƙe sarauta. Irin wannan yaro ba a barinsa a baya wajen taro. Ana kai shi bikin suna da aure da jana'iza da naɗin sarauta, kuma a Ajido babu ɗaya daga cikin waɗannan da ake yi ba ganga. Ƙauyen ya shahara da Zangbeto, dodannin da ke gadin gari da dare, kuma al'ummar Ogu suna da manyan gangunan Sato, waɗanda tsayinsu ya wuce na mutum, ana bugunsu ana rawa a kewaye da su. A irin waɗannan taruka ne yaron ya riƙa tsayawa kusa da makaɗa yana kallon hannunsu.

Yana da kimanin shekara goma sha biyu ya yanke shawarar cewa ba ya son sarautar. Ya koma Legas, ya yi karatu a makarantar mishan ta Baptist Academy. A can ne ya ci karo da sanarwar tallafin karatu na ƙungiyar Rotary a cikin mujallar Reader's Digest, ya nema, aka ba shi. A 1950 ya shiga jirgin ruwa zuwa Amurka tare da ɗan uwansa Akinsola Akiwowo, wanda daga baya ya zama farfesan nazarin zamantakewa a Jami'ar Ife.

Abin da ya tarar a Atlanta

Kwalejin Morehouse da ke birnin Atlanta a jihar Jojiya makaranta ce ta baƙaƙen fata maza, mai suna wajen yaye shugabanni. Dokta Benjamin Mays ne shugabanta a lokacin, kuma shekara biyu kafin isar Olatunji ta yaye Martin Luther King. Kudancin Amurka na wancan zamani yana ƙarƙashin dokokin wariyar launin fata: wurin zama dabam a jirgin ƙasa, famfon shan ruwa dabam, ƙofar shiga dabam.

Wariyar fararen fata ba ta ba shi mamaki kamar tambayoyin abokan karatunsa ba. Samari ne masu ilimi, baƙaƙe kamarsa, amma abin da suka sani game da Afirka daga finafinan Tarzan suka samo shi. Ya sha ba da labarin yadda suka riƙa tambayarsa ko gaskiya ne mutanen Afirka a kan bishiya suke kwana, ko zakuna suna yawo a tituna, har da masu tambayar ko suna da wutsiya. Ya lura cewa da yawansu kunyar Afirka suke ji, ba sa son a alaƙanta su da ita.

Bayani da baki bai wadatar ba, sai ya koma ga abin da ya taso yana gani. Ya fara da tara ɗalibai a ɗakin kwana yana buga musu ganga yana rera waƙoƙin gida, daga nan ya fara koya wa masu sha'awa, maza daga Morehouse da mata daga Kwalejin Spelman da ke maƙwabtaka. A 1953 ya shirya wasan kiɗa da rawar Afirka na farko a kwalejin. Gani ya kori ji: waɗanda suke yi masa tambayoyin raini su ne suka dawo suna neman a koya musu. A shekarun ne kuma ya ba ƙungiyar mawaƙan kwalejin waƙar Kirsimeti ta Yarabanci mai suna Betelehemu, wadda shugaban mawaƙan, Wendell Whalum, ya tsara, kuma har yau ana rera ta a Morehouse da sauran makarantu da majami'un Amurka. Ya kammala digirinsa a kimiyyar siyasa a 1954.

Tsakanin diflomasiyya da ganga

Daga Atlanta ya wuce Jami'ar New York don karatun gaba a fannin gudanar da mulki, har lokacin yana kan niyyarsa ta komawa gida ya wakilci Najeriya idan ta sami 'yanci. Kuɗin makaranta da na haya suka yi masa nauyi, sai ya kafa wata ƙaramar ƙungiya ta makaɗa da 'yan rawa don samun na kashewa. Ƙungiyar ta riƙa wasa a majami'u da makarantu da tarukan ɗaliban Afirka. A 1957 ya yi aure da wata baƙar fata Ba'amurkiya, wadda ta zama ginshiƙi a duk ayyukansa na baya.

Ba shi ne ɗan Afirka ta Yamma na farko da ya kai kiɗa da rawa dandalin New York ba. Asadata Dafora, mutumin Saliyo, ya riga shi da wasansa mai suna Kykunkor a 1934, kuma Pearl Primus da Katherine Dunham sun yi shekaru suna nazari da nuna raye-rayen Afirka da na Karibiyan. Abin da Olatunji ya samu wanda waɗancan ba su samu ba shi ne dacewa da lokaci. Gana ta sami 'yanci a 1957, idon baƙaƙen Amurka ya juya zuwa Afirka. A wannan tsakani ne aka gayyace shi babban zauren Radio City Music Hall, inda ya buga ganga tare da ƙungiyar makaɗa da mabusa 66 a wani shiri mai suna African Drum Fantasy. Daga nan kamfanin Columbia ya ƙulla yarjejeniyar naɗar faifai da shi.

Bai saki siyasa ba duk da haka. Ya shugabanci ƙungiyar ɗaliban Afirka da ke karatu a Amurka, kuma a wannan matsayi ya halarci babban taron al'ummomin Afirka da Kwame Nkrumah ya kira a Akara a watan Disambar 1958, taron da Tom Mboya na Kenya ya shugabanta, Patrice Lumumba da Frantz Fanon suka halarta. Bayan dawowarsa, karatun mulkin ya riƙa ja da baya, ganga ta riƙa cin lokacinsa. Jakadancin da ya yi burin yi da takardun gwamnati, da ganga ya ƙare yin sa.

Faifan da ya buɗe ƙofa

An naɗi Drums of Passion a New York a 1959, ya shiga kasuwa a farkon 1960. Waƙoƙi takwas ne a ciki, babu jita, babu kayan busa, ganguna ne da ƙararrawa da caki da muryarsa da ta 'yan amshi mata. Akwai waƙar da ta ambaci wani ma'aikacin jirgin ƙasa, akwai ta sabuwar shekara, akwai ta Shango, abin bautar tsawa na Yarabawa. Yana cikin faya-fayan farko na kiɗan Afirka da aka naɗa a situdiyon Amurka da sabuwar fasahar sauti mai fita ta lasifika biyu, kuma ya sayu fiye da yadda kamfanin ya zata, har ya kai miliyoyin kwafi a tsawon shekaru.

Shekarar fitowarsa ta taimaka masa ƙwarai. A 1960 ƙasashen Afirka 17 suka sami 'yanci, ciki har da Najeriya ranar 1 ga Oktoba. A watan Fabrairu ɗalibai baƙaƙe a Greensboro suka fara zaman dirshan a wuraren cin abincin da aka hana su zama. A watan Maris 'yan sandan Afirka ta Kudu suka bindige masu zanga-zanga a Sharpeville. A gidajen baƙaƙen fata da dama, faifan Olatunji ya zama abu na farko daga Afirka da aka ajiye a falo ana alfahari da shi.

Wani abu da ba kowa ya lura da shi ba a lokacin shi ne cewa makaɗan da suka buga tare da shi a faifan ba daga Najeriya aka ɗauko su ba. Baƙaƙen fata ne mazauna New York, irin su Chief Bey da Montego Joe da Taiwo Duval, waɗanda suka riga suka goge a kiɗan Kuba da Haiti da rakiyar 'yan rawa. Tun daga faifan farko ke nan, aikin Olatunji haɗaka ne tsakanin abin da ya zo da shi daga gida da abin da ya tarar ya saura a hannun 'yan uwansa na ƙetare.

A fagen gwagwarmaya da cikin mawaƙan jaz

Manyan mawaƙan jaz na lokacin suna neman hanyar komawa ga tushen kiɗansu, sai suka same ta a wurinsa. A 1960 ya buga ganga a faifan Max Roach mai suna We Insist!, wanda aka tsara kan neman 'yancin baƙaƙe a Amurka da Afirka, da kuma faifan Randy Weston mai suna Uhuru Afrika. John Coltrane, fitaccen mabushin saksofon, ya zama amininsa, har ya sanya wa wani kiɗansa na 1962 suna Tunji don girmama shi. Yusef Lateef ya yi busa a ƙungiyarsa a farkon shekarun 1960, kuma shi ne daga baya ya zo Zariya ya yi shekara huɗu daga 1981 yana bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Najeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, inda ya yi nazarin sarewar Fulani.

A watan Disambar 1961 Olatunji ya zo Legas cikin tawagar mawaƙa da marubuta baƙaƙen Amurka, wadda ta haɗa da Nina Simone da Langston Hughes da Randy Weston, don wani bikin al'adu. A Amurka kuma ya riƙa kiɗa a tarukan neman 'yanci. Ya zagaya jihohin Kudu tare da Martin Luther King, ya shiga gagarumin tattakin birnin Washington na 1963, ya kuma yi wasa a tarukan Malcolm X a Harlem. Sunansa ya bazu har Bob Dylan ya ambace shi a wata waƙarsa ta 1963.

Makarantar Harlem

Da baje kolin duniya na New York ya buɗe a 1964, ƙungiyarsa ta sami aikin wasa a rumfar Afirka. Kuɗin da ya tara a nan bai gina gida da su ba, ya zuba su ne a buɗe makaranta. Cibiyar Olatunji ta Al'adun Afirka ta buɗe a kan Titi na 125, tsakiyar unguwar Harlem, kuma Coltrane yana cikin waɗanda suka tallafa mata da kuɗi. Ana koyar da kiɗa da rawa da harshen Yarabanci da tarihin Afirka, yara da manya, a kan kuɗi kaɗan da talakan unguwa zai iya biya. A 1965 ya wallafa littafi kan kayan kiɗan Afirka tare da Betty Warner Dietz, domin malaman makaranta su sami abin koyarwa.

Ranar 23 ga Afrilun 1967 Coltrane ya yi wasa a zauren cibiyar don tara mata kuɗi. Ya rasu ranar 17 ga Yuli na shekarar, kuma wasan na Harlem shi ne na ƙarshe da aka naɗa yana yi a gaban jama'a. Sai a 2001 aka fitar da shi a faifai. Rasuwarsa ta raba cibiyar da babban mai tallafa mata tun tana jaririya.

Daga nan Olatunji ya shiga shekaru masu wuya. Yayin kasuwa ya sauya, kamfanonin faifai suka juya masa baya, kuma daga tsakiyar shekarun 1960 zuwa tsakiyar 1980 faya-fayan da ya fitar ba su taka kara sun karya ba. Ya riƙa yawo makarantu da kwalejoji yana koyarwa, ciki har da makarantar fasaha ta Elma Lewis a Boston, abin da ya samo ya kawo ya toshe ɓarakar cibiyar. Haka ya riƙe ta fiye da shekara ashirin, har rashin kuɗi ya tilasta rufe ta a 1988. Kafin nan ta yaye ɗimbin makaɗa da 'yan rawa waɗanda suka buɗe nasu ƙungiyoyin a biranen Amurka.

Yadda yake koyarwa

Matsalar da ya fuskanta a aji ita ce wadda duk mai koyar da sana'ar gargajiya a baƙon wuri yake fuskanta. A gida yaro yana koyon kiɗa ne ta zama kusa da makaɗa shekara da shekaru, kunnensa ya cika kafin hannunsa ya fara. Ɗalibin New York kuwa awa ɗaya ko biyu yake da su a mako, kuma bai taso yana jin kiɗan ba. Rubutun kiɗa irin na Turawa bai dace ba, domin yana ɗauke idon ɗalibi daga malami da 'yan rawa ya mayar da shi kan takarda.

Sai ya koma ga harshe. Yarabanci harshe ne mai karin sauti uku, na sama da na tsakiya da na ƙasa, shi ya sa gangar Yarabawa take iya faɗin magana, kamar yadda mai kalangu yake matsa tsarkiya ya saki har a ji sunan wanda yake wasawa. Olatunji ya ɗauko wasu gaɓoɓi shida ya raba su kan sautuka uku da hannu yake fitarwa a kan ganga. Idan aka buga tsakiyar fata da tafin hannu gaba ɗaya, sauti mai zurfi ne yake fita, ya kira shi Gun a hannun da mutum ya fi ƙarfi, Dun a ɗayan. Idan aka buga gefen fata da yatsu a haɗe, shi ne Go da Do. Idan aka mare ta da kaifi har ta yi ƙara, shi ne Pa da Ta.

Ɗalibi yakan fara faɗin kiɗan da baki, ya maimaita har ya zauna masa, sannan a bar shi ya taɓa ganga. Ta haka yana sanin sautin da zai fitar da kuma hannun da zai fitar da shi a lokaci guda, kuma yana iya tafiya da darasinsa a baki ko yana cikin jirgin ƙasa. Bai yarda a raba kiɗa da waƙa da rawa ba: wanda ya zo koyon ganga sai ya tashi ya taka, ya kuma yi amshi. Yakan fara aji da Fanga, rawar maraba da baƙi mai asali daga Laberiya wadda Pearl Primus ta yaɗa a Amurka. Wannan tsari na gaɓoɓi shida ya bazu har malaman da ba su taɓa ganinsa ba suna amfani da shi a yau a Amurka da Turai.

Maganar gado da ta asali

Shaharar tasa ba ta rasa masu ƙorafi ba. A ƙasar Yarabawa kiɗa sana'ar gado ce, ta gidajen da ake kira Ayan, inda ɗa yake karɓa daga uba, kamar yadda aka san gidajen makaɗan fada a ƙasar Hausa. Olatunji bai fito daga irin wannan gida ba, kuma bai yi zaman almajirci a gaban wani sarkin makaɗa ba. Gangunan da ya fi amfani da su, ashiko da konga, ba su ne dundun da bata da ƙwararrun Yarabawa suke taƙama da su ba. Masu nazarin kiɗa sun nuna cewa abin da ke cikin faya-fayansa sabon haɗi ne da aka yi a New York, wanda ba za a tarar da shi haka a wani ƙauye ba. Da makaɗan jembe daga Gini da Mali da Senegal suka fara isa Amurka, irin su Ladji Camara wanda ya zo da ƙungiyar Les Ballets Africains, ɗalibai sun ga saurin hannu da zurfin horon da ya wuce nasa.

Duk wannan gaskiya ne, amma bai rage masa matsayi ba, domin ba a gasar hannu ya yi fice ba. Ya tarar da mutanen da aka raba da ganga, aka kuma koya musu ƙyamar inda suka fito, ya sama musu ƙofar da za su iya shiga. Ƙwararrun da suka zo bayansa sun tarar da ɗalibai a shirye da masu sauraro a zaune saboda sharar fagen da ya yi. Shi da kansa ya jawo irin waɗannan ƙwararru jikinsa: Ladji Camara ya yi aiki da shi, haka kuma Sikiru Adepoju, ɗan gidan makaɗa na gado daga Eruwa a Jihar Oyo, wanda ya riƙe masa gangar magana tun daga tsakiyar shekarun 1980 har ƙarshen rayuwarsa.

Wani ƙorafin kuma shi ne yake da haƙƙin yin sa. A 1964 mawaƙin Faransa Serge Gainsbourg ya ɗauki kiɗa uku daga Drums of Passion ya ɗora musu baitocin Faransanci a faifansa ba tare da ambaton sunan mai su ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A 1969 ƙungiyar Santana ta sake buga Jin-Go-Lo-Ba da sunan Jingo a faifanta na farko, waƙar ta zagaya duniya, miliyoyin masu rawa da ita ba su san daga hannun wa ta fito ba. Tsakaninsa da Carlos Santana dai zumunci ne ya biyo baya, har Santana ya kaɗa jita a faifansa na 1986.

Dawowa a shekarun tsufa

Abin da ya shuka a makarantu shi ne ya dawo da shi. Mickey Hart, mai ganga a ƙungiyar Grateful Dead, yana yaro ɗan makaranta ya taɓa ganin Olatunji ya zo makarantarsu wasa, abin kuma ya zauna masa. A daren shiga sabuwar shekara na ƙarshen 1985, Hart ya gayyace shi ya buɗe wa ƙungiyar wasa a birnin Oakland a gaban dubban matasa, yawancinsu fararen fata da ba su taɓa jin sunansa ba. Hart ya kuma shirya masa sababbin faya-fayai. A 1991 suka fitar da Planet Drum tare da makaɗa daga Indiya da Brazil da Puerto Rico da Najeriya, ciki har da Zakir Hussain da Airto Moreira da Sikiru Adepoju. Faifan ne ya fara cin kyautar Grammy a sabon rukunin da aka ware wa kiɗan duniya. Faifansa na 1997, Love Drum Talk, shi ma ya shiga jerin waɗanda aka zaɓa don kyautar.

Idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Ɗalibansa na wannan zamani sun bambanta da yaran Harlem: likitoci ne da malamai da ma'aikatan ofis, suna zuwa Cibiyar Esalen a gaɓar tekun Kalifoniya da Cibiyar Omega a jihar New York su yi mako guda suna koyo. Daga cikinsu ne al'adar zama a da'ira ana buga ganga tare ta yaɗu zuwa asibitoci da makarantu da gidajen tsofaffi. Wasu daga tsofaffin ɗalibansa ba su ji daɗin ganin gangar da suka ɗauka alamar gwagwarmayarsu ta koma abin neman natsuwa ga masu hali ba. Shi kuwa bai rufe wa kowa ƙofa ba, yana ganin duk mai bugun zuciya yana da rabo a ganga.

Rasuwa da abin da ya bari

Ciwon suga ya daɗe yana cin jikinsa, ya taɓa masa ido da ƙoda, amma bai daina shiga aji ba. A 2001 ƙungiyar makaɗan Amurka ta Percussive Arts Society ta sanya shi cikin jerin gwarazanta. Shekarunsa na ƙarshe a Esalen ya yi su, ɗalibai suna jinyarsa yana koya musu. Ya rasu ranar 6 ga Afrilun 2003 a garin Salinas na Kalifoniya, saura kwana ɗaya ya cika shekara 76.

Bayan rasuwarsa, Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sanya Drums of Passion cikin rajistar faya-fayan da ƙasar ta wajabta wa kanta adanawa, a jerin shekarar 2004. A 2005 aka wallafa tarihin rayuwarsa da ya rubuta tare da Robert Atkinson, mai suna The Beat of My Drum.

A Najeriya sunansa bai kai na Fela Anikulapo-Kuti ko King Sunny Ade amo ba, ko da yake ya riga su shiga kunnen Amurkawa da shekaru masu yawa. Dalili a fili yake: rayuwarsa ta aiki duk a waje ya yi ta, kuma abin da ya kai can abu ne da mutanen gida suke gani kullum har ba sa ɗaukarsa da daraja. A Harlem da Atlanta da Oakland kuwa, da yawa daga cikin ƙungiyoyin kiɗa da rawar Afirka da ke koyar da yara a yau, idan aka bi salsalar malamansu, za a tarar ta ratsa ta ajin Baba ko ta wani da ya zauna a gabansa.